Man da ke share ƙuraje cikin kwana uku

Ya ku iyaye, da ke budurwar da ƙuraje suka dama, da kai saurayin da ka fara gudun madubi, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare daga Gantsa zuwa Kukuma, daga Birnin Kudu har cikin Dutse, kuma lokaci ya yi da za a kira ta da sunanta. Yarinya ta kai shekara 15, ƙurajen balaga sun feso mata a goshi da kumatu, sai a ba ta kuɗi a ce ta je kemis. Mai kemis ba ya tambayar yaushe suka fara, ba ya duban fuskar a cikin haske. Yakan miƙo ɗan kwalin man nan da ake kira tib, ya ce ta shafa safe da dare. Bayan kwana uku ƙurajen sun kwanta, fuska ta yi sumul, har ta ɗan washe. Uwa ta sa albarka, ƙawaye su nemi sunan man. Daga wannan sa albarkar ɓarna take somawa.

Ku juya kwalin ku duba ƙananan rubutun da ke jikinsa. Sau da yawa za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone. Waɗannan dangin maganin da ake kira sitiroyid ne, kuma clobetasol na cikin mafi ƙarfinsu. Suna da amfaninsu a hannun likita, ga wasu cututtukan ƙaiƙayi da kumburin fata, na 'yan kwanaki ƙididdigaggu, kuma likitoci na kaffa-kaffa da kai masu ƙarfin cikinsu fuska. Ga ƙurajen balaga kuwa ba su da wani aikin kirki. Ba sa buɗe ƙofofin fatar da maiƙo ya toshe, ba sa kashe ƙwayar cutar da ke ciki. Suna danne kumburi ne kawai, su tsuke ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa fuska take yin haske. Toka ce aka barbaɗa wa garwashi.

Bayan makonni ko watanni sai gaskiya ta fito. Fata ta yi siriri kamar bayan albasa, jajayen jijiyoyi su bayyana a kumatu, wasu sababbin ƙuraje ƙanana masu kama da juna su yi dandazo a goshi da gefen baki, gashi ya fara tsirowa inda da babu shi, rana kaɗan ta sa fuska raɗaɗi. In yarinyar ta tsorata ta ajiye man, fuskar sai ta ɗauki zafi, ta kumbura, ta yi ta saɓa. Ita a zatonta ciwonta ne ya dawo, sai ta koma kemis da gudu, alhali man ne ya maishe da fatarta baiwarsa. Mai shafa shi a duk jiki tsawon lokaci kuwa, nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa ce farkon abin da za ta gani. Maganin na ratsa fata ya shiga jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga, kuma in ana kai shi kusa da ido yana iya taɓa gani. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Ba ni kaɗai nake wannan ƙorafi ba. A watan Fabrairun 2023 shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana shafe-shafen bilicin a matsayin matsalar gaggawa ga lafiyar ƙasa, tana kafa hujja da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya na amfani da man ƙara haske. Lasisin mai kemis bai ba shi izinin sayar da maganin da sai likita ya rubuta ba. Balle masu “haɗi”, waɗanda ke matse tib biyar a roba ɗaya, su zuba haidirokwinon fiye da kashi 2 cikin 100 da hukuma ta iyakance, wani lokaci har da sabulu ko mai mai ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Roba ce ba suna, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa. In fuskar 'yarku ta ƙone, wa za ku riƙe?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne akwai magunguna na gaskiya, kuma ɗaya daga cikinsu kamar don irin fatarmu aka yi shi. Sunansa azelayik asid. A jikin kwali za ku ga an rubuta azelaic acid. Kada kalmar asid ta firgita ku, ba dangin ruwan batir ba ne. Ana samun ɗan kaɗan daga cikinsa a alkama da sha'ir, ko da yake wanda ake sa wa a magani a masana'anta ake sarrafa shi, don haka kada wata ta je ta kwaɓa garin alkama ta ce ta samu. Tarihinsa ma yana da alaƙa da ciwon da kowane Bahaushe ya sani, wato ƙyasfi. A shekarun 1970 wata likita a birnin Rum ta ƙasar Italiya, Marcella Nazzaro-Porro, da abokan aikinta suka bi diddigin dalilin da ya sa gurbin ƙyasfi ke yin fari. Suka gano cewa ƙwayar halittar da ke jawo shi, wadda dangin yis ce, tana samar da wasu sinadarai masu rage aikin ƙwayoyin da ke ba fata launi. Daga nan aka fara gwada azelayik a kan baƙin tabo, sai aka lura yana kwantar da ƙuraje kuma. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da mansa mai ƙarfin kashi 20 cikin 100 don ƙurajen fuska a 1995, sannan a 2002 ta amince da mai ruwa-ruwa na kashi 15 don ciwon jan fuska.

Yana rage ƙwayar cutar da ke zaune a ƙofar gashi, yana hana matacciyar fata taruwa ta toshe ƙofar, yana kwantar da kumburi ba tare da ya cinye kaurin fata ba. Amma abin da ya fi shafarmu shi ne tabo. A fatar Bature ƙurji kan warke ya bar ɗan ja na wani lokaci. A tamu yakan bar baƙin ɗigo da zai yi watanni yana nan. Ku tambayi 'yan matan da suka faɗa bilicin, da yawansu ba fari suka fita nema ba tun farko, tabon nan suka so gogewa. Azelayik ya fi tasiri a inda ƙwayoyin launi suka wuce gona da iri, wato gurbin tabo da irin baƙin da ke shimfiɗuwa a kumatun wasu mata lokacin goyon ciki, ya bar sauran fuska kusan yadda Allah ya yi ta. Saboda haka wadda ta saye shi don ta zama fara ta yi asarar kuɗinta. Duk mai haɗin da ya ce muku ya sa azelayik a robarsa, kuma kuka ga haske cikin mako guda, to wani abu dabam ne ya yi aikin.

Jan fuska kuwa, wanda likitoci ke kira rozeshiya, an daɗe ana ɗaukarsa ciwon Turawa, shi ya sa ake yawan kuskure shi a wurinmu. A fuskar mai hasken fata, kamar yawancin 'yan'uwanmu Fulani, jan yakan fito fili a hanci da kumatu. A fuskar baƙi sai dai wurin ya ƙara duhu, ya riƙa ɗaukar zafi da raɗaɗi, da ƙananan ƙuraje marasa baƙin kai. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 30. Rana, zafin murhu, shayi mai tururi da yaji duk suna tayar da shi, kuma sitiroyid na cikin manyan abubuwan da ke tsananta shi. Azelayik na rage ƙurajensa da kumburinsa, amma jijiyoyin da suka riga suka buɗe ba ya mayar da su.

Yanzu ga aibinsa, don kada a ce na zama ɗan talla. Yana da nawa. Sai an yi kamar mako 4 kafin a fara ganin sauyi, cikakken amfaninsa kuma sai wajen mako 12, tabo ma yakan fi haka. A makonnin farko yakan yi ƙaiƙayi ko ɗan tsikari bayan an shafa, musamman da hunturu in fata ta bushe, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke jefar da shi su koma wa tib. Abin yi shi ne a wanke fuska da sabulu marar kaifi, a bar ta ta bushe, a matso kamar tsawon gaɓar yatsa guda a shafa siriri a duk inda ƙurajen ke fitowa, safe da dare, a kauce wa ido da leɓe da cikin hanci, a wanke hannu. In tsikarin ya yi yawa a koma sau ɗaya a rana har fata ta saba. A daina dirzar fuska da soso, da toka, da lemon tsami, a daina matsar ƙurji da farce. A irin wannan awo, kwali mai giram 30 zai kai wata guda. Mai ciwon asma ya sanar da likita tun farko, domin an samu 'yan kaɗan da numfashinsu ya tsananta. Wanda kuma ya ga wani wuri na yin fari fiye da kewayensa ya dakata ya koma asibiti.

Za ku ce, in har ba shi da haɗari sosai, me ya sa sai an ga likita? Saboda ba duk abin da ya fito a fuska ne ƙurajen balaga ba. Jan da ya ratsa kumatu biyu ta kan hanci, tare da ciwon gaɓoɓi da kasala, yana iya zama cutar lufus, wadda ke taɓa ƙoda. Ƙurajen da suka zo wa mace da rikicewar al'ada da gashin haɓa suna nuni ga matsalar cikin jiki da mai ba zai gyara ba. Manya masu zurfi da ke tara ruwa su bar rami sun fi ƙarfin azelayik, sai an haɗa da na sha. Ga kuma batun ciki, a ƙasar da yarinya kan yi aure ƙurajen balaga ba su gama barinta ba. Ƙwayar aisotiretinoyin da ake ba masu ƙuraje masu tsanani tana nakasa ɗan tayi, kuma ana hana mai ciki doksisaikilin da man tiretinoyin. Azelayik kuwa abin da ke shiga jini daga cikinsa bai wuce kamar kashi 4 cikin 100 ba, shi ya sa yake cikin 'yan kaɗan da likitoci ke yarda da su ga mai juna biyu. Mai kemis zai tambayi amarya ko ta yi ɓatan wata kafin ya miƙa mata ƙwaya?

Na san amsar da ke bakin wasu: talauci da nisa. Gaskiya ne azelayik ya fi tib tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a kowane shagon ƙauye za a same shi ba, sai an nema a manyan shagunan magani na Dutse ko Kano. Amma ku yi lissafin da kyau. Tib ɗaya ba ya tsayawa ɗaya. Wata-wata ake saye, shekara da shekaru, sannan a zo a biya kuɗin gyaran abin da ya ɓata, in ma yana gyaruwa. Asibitin Tarayya na Birnin Kudu yana maƙwabtaka da Buji, ga Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, kuma in abin ya gagara za a tura ku sashen fata na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In aljihu bai kai ba, ku faɗa wa likita ƙarara. Akwai benzoyil feroksaid, wanda ya fi sauƙin samu kuma yana aiki a kan ƙuraje, sai dai yakan ci launin hijabi da rigar matashin kai. Mutumin da zai ɗauki buhun riɗi ya kai kasuwa mai nisa don ƙarin 'yar riba bai kamata ya ce Birnin Kudu ta yi wa fuskar 'yarsa nisa ba.

Kuma kada mu ɗora wa mai kemis laifin duka. Wa ke cewa yarinya ta yi baƙi a gaban baƙi? Wa ke kai amarya gyaran jiki saura mako biyu biki, ya ce yana son ta fito kamar Balarabiya? Kai saurayi da kake yaba farar fuska a gaban wadda kake nema, kai ma kana da kamasho. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai saboda dangi sun fi son masu haske, fatar yaran ta ƙone ta bar tabo. In an sa ranar biki kuma ana son fuskar amarya ta yi kyau, a kai ta asibiti tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa, domin wata uku ake bukata.

Ke kuma da kika riga kika daɗe a kan tib, kada kunya ta hana ki zuwa. Ki tattara duk kwalaye da robobin da kike shafawa, har sabulun, ki zuba a leda ki kai wa likita, ki gaya masa tsawon lokacin da kika yi da kuma ko har jiki kike shafawa. Wannan tambayar tana da nauyi, domin wadda ta daɗe tana shafe jikinta duka bai kamata ta yanke rana ɗaya ba. Ana janye mata shi ne a hankali. Ki sa a ranki cewa fuskar za ta tayar na wasu makonni kafin ta lafa, kuma likita na iya jinkirta azelayik har raɗaɗin ya sauka, don fatar da ta yi siriri ba ta jure tsikarinsa. A wannan tsakani ki rage zama a bakin murhu in da mai karɓar ki, ki kare fuskarki daga ranar tsaka, kuma ki koma a ranar da aka rubuta miki a kati ko da kin ga sauƙi.