Hauni da Ɗan Bindiga: Matsalar Fassarar Waƙoƙin Kisa a Ƙasar Gobir

A farkon watan Disamba na 2021, 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni a kusa da ƙauyen Gidan Bawa, suka banka mata wuta da mutanen da ke cikinta, fiye da rai 20 suka salwanta. A ƙarshen wannan shekara kuma wata waƙar yabon Bello Turji, wanda yaransa suka addabi Isa da Sabon Birni da Shinkafi, ta yi ta yawo a wayoyin jama'a. Masu kare irin wannan waƙa suna cewa ai kambamawa ce, kuma haka makaɗan Hausa suka saba tun kaka da kakanni. Wannan hujja tana da kamar gaskiya, shi ya sa ta cancanci amsa daga manazarta waƙar baka.

Babu shakka zancen kisa ba baƙo ba ne a waƙar Hausa, balle a ƙasar Gobir da ta yi suna da yaƙi tun zamanin Bawa Jangwarzo. Makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, sun gaji siffanta sarki da giwa da zaki, wanda maƙiyi ba ya ja da shi ya kwana lafiya. Makaɗan maza kuwa sun zarce haka. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, Muhammadu Gambu Fagada kuma ya shahara da waƙar ɓarayi. Duk wanda ya karanta ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da na Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya san zuga da kirari da kambamawa tubalai ne na wannan fasaha.

Sai dai kamannin kalmomi ba ya nufin ma'ana ɗaya ce. Idan makaɗin fada ya ce ran mai laifi yana hannun sarki, akwai tsarin da ke bayan maganarsa. Akwai alƙali mai sauraron shaidu, akwai sarki mai tabbatar da hukunci, akwai dogarai masu tsare mai laifi, sannan akwai hauni, wanda aikinsa shi ne zartar da kisa. Hauni ba ya zaɓar wanda zai kashe, kuma ba ya cin riba da mutuwarsa. Wannan tsari bai kuɓuta daga zalunci ba. A Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zargi sarakunan zamaninsa da kashe wanda suka ga dama ba bisa shari'a ba, kuma rikicinsa da Sarkin Gobir Yunfa ya ƙare da faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wato fiye da shekara 200 ke nan mutanen wannan yanki suka san bambancin hukunci da son zuciyar mai iko.

Waƙar ɗan bindiga tana aro rigar waƙar fada, amma ta bar wannan tsari a baya. Tana kiran shugaban daba da lafuzzan sarauta, tana siffanta kisansa kamar horo ne ga mai taurin kai, yaransa kuma kamar dogarai masu cika umarni. A nan haɗarin yake. Ƙauyukan Sabon Birni da Isa sun daɗe suna biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora musu kafin su yi noma ko girbi, kuma wanda ya kasa biya ya san abin da ke jiransa. Mai karɓar haraji da bakin bindiga ba abin da yake nema kamar a ɗauke shi hukuma, waƙa kuwa tana ba shi wannan matsayi kyauta. Ƙarshen al'amarin ya bayyana a 2024, lokacin da aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yuli, ya rasu a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Basaraken da a da ake yi wa kiɗan kotso shi ya koma roƙon a ceci ransa a faifan bidiyo.

Akwai kuma batun yaron da ke harbi bisa umarni. Zuga takan sauke masa nauyi, ta nuna shi hannu ne kawai, laifi ko lada na ubangidansa ne. Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Sakkwato bai yarda da haka ba. A wannan mazhaba, wanda ya tilasta a yi kisa da wanda aka tilasta ya yi, dukansu ƙisasi yana hawa kansu, domin ran wanda aka tilasta bai fi ran wanda ya kashe daraja ba. Ko hukuma ma ba ta kisa da baki kawai. Sani Yakubu Rodi, wanda kotun shari'a a Katsina ta samu da laifin kisa, sai da aka yi zaman kotu aka tabbatar da hukunci kafin a rataye shi a Kaduna a Janairun 2002. Safiya Husaini ta Tungar Tudu kuwa, ɗaukaka ƙara ce ta kuɓutar da ita a Sakkwato a Maris na shekarar. A daji babu zaman kotu, babu ɗaukaka ƙara.

Adalci ya wajabta a auna ɗaya ɓangaren da mudu guda. Duk waƙar da za ta zuga 'yan sa-kai su kashe Bafulatani don kawai Bafulatani ne, ita ma umarnin kisa ne da aka lulluɓe da amshi. Kisan da aka yi a kasuwar Mamande ta Gwadabawa a Oktoban 2021 ya nuna yadda ramuwar gayya ke cin marar laifi, ta kuma ba ɗan bindiga hujjar da yake nema.

Wasu za su ce aikin manazarci fito da turke da salo ne, wa'azi na malamai ne. Amma nazarin waƙar baka ya daɗe da sanya tarihin makaɗi da dalilin waƙa da wurin da aka rera ta cikin ma'auninsa. Ɗan waƙa guda yana iya zama ado a bakin makaɗin dambe, inda 'yan kallo suka san kisa yana nufin kai abokin karawa ƙasa, ya kuma zama barazana a kunnen matar da aka harbe mijinta a gona. Manazarcin da ya tsaya ga lissafa siffantawa da kamantawa, bai tambayi wanda ya ba da umarni da wanda jininsa ya zuba ba, ya yi rabin aiki ne.

Hana waƙa ko kama mawaƙi ba zai wadatar ba, domin waya ta riga hukuma isa ƙauye. Abin da sassan Hausa na jami'o'i, musamman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke kusa da wannan yanki, za su iya yi shi ne tattara waɗannan waƙoƙi tare da lokacinsu da abin da ya faru a garuruwan da suka ambata, a kuma taskace waƙoƙin kuka na matan da suka yi gudun hijira daga Gobir zuwa jihar Maraɗi. Idan ba a yi haka ba, ɗalibin da zai zo nan da shekara 50 zai tarar da kirarin mai bindiga a ajiye, bai tarar da sunan ko mutum ɗaya daga fasinjojin Gidan Bawa ba.