Sulhun Manya, Rabon Ƙasarmu

A shekarar 1939 Marcel L'Herbier ya fitar da fim mai suna Entente cordiale, yana yabon sulhun da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1904, zamanin Sarki Edward na Bakwai. Fim ne na fada da musafahar sarakai. To amma mu mutanen Garwa, ya kamata mu tambaya: da dukiyar wa aka shirya? Aminan nan biyu ne suka ƙwace garinmu daga hannun Jamus a watan Yunin 1915, suka kasafta Kamaru tsakaninsu a 1916, ba su shawarci lamiɗo ba balle talaka. Jama'a, sulhu alheri ne. Amma wanda aka ƙulla a bayan idon masu ƙasa, rabon ganima ne.