Gas Ɗin Firiza Ba Ya Ƙarewa, Daina Biyan Kuɗin Banza

Yau da kai nake, kai da firizarka mai tsaye ta daina yin ƙanƙara, har ka fara cigiyar motar da za ta kai ta Funtua "a ƙara mata gas". Dakata tukuna.

Wani maƙwabcina a nan Tsiga sau uku yana ɗora tasa a bayan a-kori-kura cikin shekara ɗaya. Matarsa ke sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, da kuɗin ake sayen sabulu da omo, har da na makarantar Islamiyyar yara. Duk zuwa magana ɗaya ce: gas ya ƙare. A zuba, a biya, a dawo, ta yi wata biyu ko uku ta sake mutuwa. Na huɗun a tsakiyar azumi ya faɗo, lokacin da ake layin ƙanƙara. Da aka samu mai gyaran da ya tsaya ya duba, sai ga 'yar huda kamar ta allura a bututun da ke ƙarƙashin shanta ta biyu, inda ɗansa ya saba ɓamɓarar ƙanƙara da wuƙa. Sau uku kenan ana zuba gas a kan huda.

Gas ɗin firiza ba irin na girki ba ne, ba kuma fetur ba ne. Ba a ƙona shi. Yana cikin bututu rufaffe ne yana zagaye. Kwamfireso, wato baƙar tukunyar nan da ke ƙasa ta baya, ya matsa shi ya yi zafi, ya bi bututun baya ya zubar da zafin a waje, ya ratsa wani siririn bututu ya shiga na ciki, a can ya kwashi zafin naman da ka ajiye, ya koma wurin kwamfireso. Haka yake yi shekara da shekaru, ko cokali ɗaya ba ya raguwa. In har ya ragu, to akwai inda ya zube. Duk wanda ya ƙara maka gas bai toshe wurin ba, ruwa ya zuba maka a kwando, kuma ya san za ka dawo.

Saboda haka in an ce maka gas ne, tambaya ɗaya za ka yi: "Malam, ta ina ya fita? Nuna min." Mai gyaran kirki zai sa kumfar sabulu a mahaɗan bututu ya nemi inda take tashi, ko ya nuna maka inda mai ya yi naso. Zai like wurin, ya canza filta, ya zuƙe iskar da ta shiga da injin zuƙa, sannan ya zuba gas da awo. Da awo na ce, ba da ƙiyasi ba. Akwai 'yar takarda a manne a baya ko a ciki da ta faɗi irin gas ɗin da giram nawa. Yawancin na yanzu R600a ne, waɗanda suka ɗan kwana biyu R134a, tsofaffin can kuma R12, wanda duniya ta yi yarjejeniyar daina shi tun taron Montiriyal na 1987 saboda illarsa ga sararin sama. Ba a zuba wani a madadin wani, domin kowane kwamfireso da gas ɗin da aka ƙera shi a kai. Kuma R600a yana kama wuta. Ka tuna da wannan duk ranar da ka ɗauki wuƙa.

Na san masu gyara za su ce laifinmu ne, in sun ce za su nemi huda sai mu ce kuɗin ya yi yawa, a dai zuba mana mu tafi. Gaskiya ne, akwai mu da son sauƙi. Akwai kuma hudar da ke cikin bangon firizar, can cikin soso, wadda gyaranta ya kusa kuɗin wata. Amma ai sai ka gaya wa mutum hakan, ya san na yi. Karɓar kuɗinsa alhali ka san nan da wata biyu zai dawo, wannan ba sana'a ba ce.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, sau da yawa gas ɗin lafiyarsa lau. Kafin ka kira kowa, tsuguna a bayanta ka kasa kunne. In ka ji ta yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, ta yi "ƙas", ta yi shiru, bayan ɗan lokaci ta sake, kwamfireso ne ke son tashi ya kasa. Ko dai wuta ta yi lo, ko kuma rile, wani ɗan ƙaramin abu da ke maƙale a gefensa, ya mutu, kuma canza shi ba wani kuɗi ba ne. An ƙera firizar ne don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. Irin wutar da kwan ɗaki ke yin ja kamar garwashi, wadda fanka ke juyawa kamar an roƙe ta, ita ke cin kwamfireso a hankali. Kashe ta, ko ka sayi sitabilaiza mai jinkiri. Jinkirin nan shi ne maganar: in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko ka juya zuwa janareto, ba ta minti biyar kafin ka kunna. Gas ɗin yana matse a lokacin, kwamfireso ba zai iya turawa ba. Ƙaramin janareton cajin waya kuma ka bar shi a cajin waya, don lokacin tashi firiza na jan wuta ninki da yawa na abin da take ci in tana aiki.

Sai ƙura. Mu da ke cikin hunturu da ƙaiƙayin masussuka, ka taɓa leƙa bayan firizarka? Bututun da ya kamata ya zubar da zafi ya sa bargo. Zare filogi ka goge shi da busasshen burushi. Janye ta daga bango kamar tafin hannu, kar a jingina mata buhun masara, kar a lulluɓe ta da zani don ado. In taka ba ta da bututu a baya, yana cikin bangon gefe ne, shi ya sa gefen ke ɗumi. Ba lalacewa ba ce.

Roban ƙofa kuwa da kuɗi ake gwada shi. Sa naira ɗari a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ta zame babu riƙo, nan sanyinka ke fita, nan kuma iska mai laima ke shiga ta zama tulin ƙanƙara. Wanke roban da ruwan ɗumi, in ya tsage a canza. Ƙanƙarar in ta yi kauri, kashe firizar, ka sa kwanon ruwan zafi a ciki ka bar ta ta narke da kanta.

Ke kuma uwargida, mai tsaye ba kamar mai akwati ba ce. Iska mai sanyi nauyi gare ta, kina buɗe ƙofa take zubowa ƙasa. Yaro ya zo sayen ƙanƙarar naira hamsin a buɗe, wani ya zo a buɗe, sannan a ce firiza ba ta yi. Kwaso na sayarwa ki zuba a kula, ki bar ƙofar ta huta. Ki cike inda babu kaya da gorunan ruwa. Cikakkiyar firiza da ta daskare tana iya riƙe nama kusan kwana biyu babu wuta in ba a buɗe ba, mai rabin kaya kwana ɗaya. Ki riƙe wannan lissafin don naman layya.

In ta hannu za ka saya, 'yar Beljiyam, koma kan takardar nan ka nemi harafin yanayi. SN da N an yi su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, ST zuwa 38, T zuwa 43. Ka san yadda ɗaki mai rufin kwano yake a Maris da Afrilu tsakanin Bakori da Malumfashi. Mai N za ta yi ta aiki ba hutu a watannin nan, ta kasa kai wa digiri 18 ƙasa da sifili da ake so, kuma za a ce maka gas ne. Nemi mai T.

In kuma dole sai an kai ta Funtua, a ɗaure ta a tsaye. In an kwantar da ita a hanya, man kwamfireso ya gangara cikin bututu, sai ka tsayar da ita ta kwana kafin ka sa mata wuta.