Filin Iyali: Ledar Biskit Ba Ta Raino

A wannan wata za mu taɓo wata magana da ta shafi kowane gida a zangonninmu, daga Nima da Mamobi har zuwa Aboabo ta Kumasi, wato abin da muke sa wa ƙananan yaranmu a baki.

Dukanmu mun san yadda safiya take. Uwa na sauri ta kai kaya kasuwa, uba na neman mota kafin layi ya yi tsawo, ga ɗan shekara biyu yana kuka. Sai mu tsaya a shagon bakin lungu mu sayo biskit da lemon kwalba mu miƙa masa, ya yi shiru. Da dare kuma gajiya ta sa a dafa taliyar leda. Ba rashin ƙauna ba ne, rashin lokaci ne. Amma fa harshen yaro abin da aka saba masa shi yake nema. Wanda ya tashi da zaƙi da gishiri mai yawa, ranar da aka ajiye masa tuwon zafi da miyar ayoyo sai ya kau da kai.

Kwalbar lemo ƙarama ta mililita 300 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 8. Cikin yaro ɗan ƙarami ne. Idan wannan ya cika shi, ina wurin wake da kifi da ganye, waɗanda su ne ke gina jiki da ƙara jini? Daga nan sai ruɓewar haƙori da ƙarancin jini. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa kada a ba yaro mai wata 6 zuwa 23 lemon zaƙi ko abinci mai yawan sukari da gishiri. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Gana ta sa harajin kashi 20 cikin ɗari a kan abubuwan sha masu zaƙi.

To, mene ne abin yi ga wanda ba shi da lokaci? Mu ware rana ɗaya a mako. A soya masara da wake da gyaɗa, a kai inji a niƙa, a zuba a gwangwani mai murfi. Wannan shi ne garin Tom Brown da ma'aikatan jinya ke koya mana a wurin awo, kuma cikin 'yan mintoci an dama shi. A dafa ƙwai tun da dare. A sa ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali a jakar yaro maimakon biskit. In dole sai an saya, ai mai koko da ƙosai da mai wake da shinkafa suna nan a bakin titi. A ce a rage sukari da yaji. Kada dai a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, don tana iya shaƙe shi.

In ya ƙi sabon abinci, kada mu yi fushi ko mu yi masa ɗura. A sake gwadawa gobe da jibi. Wani yaron sai an kai sau 10 kafin ya karɓa. Mu kuma riƙa ci tare da shi, domin abin da ya ga babba na ci shi yake kwaɗayi.

Kira na musamman ga kakanni da baffanni da gwaggonni: tsarabar alewa ta isa haka, a kawo lemon ɓawo ko mangwaro. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.