Katangar Gidan Yari Ba Ta Tare Cuta

'Yan'uwana mata, wata za ta ce ina ruwan filinmu da zancen fursunoni? To, da ruwanmu. Yawancin waɗanda ke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, kuma ko ba jima ko ba daɗe za su fito. Wanda ya fito kuwa ɗakin matarsa zai nufa. In ya kwaso cutar ƙanjamau a can, ita ce ta farko da zai shafa wa, daga nan sai jaririn da za ta haifa.

Binciken da gwamnati ta yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manyan mutanen ƙasar nan ke ɗauke da ƙwayar cutar. Wani binciken da aka yi a gidajen yari ya sami kashi 2.8, wato ninki biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ga cunkoso, ga reza ɗaya mutum goma na aski da ita, ga allura ana karɓa-karɓa, ga kuma lalata da ƙarfin tsiya da ake yi wa masu rauni.

Abu uku muke roƙon hukuma. Na farko, a yi wa duk wanda ya shiga tayin gwajin jini, da yardarsa, a kuma rufa masa asiri. Na biyu, wanda aka samu da cutar a ba shi magani kullum ba fashi, in an sake shi a haɗa shi da asibitin garinsu. Likitoci sun tabbatar cewa mai shan magani har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya shafa wa iyalinsa ta hanyar kwanciya. Na uku, a samar da kwaroron roba. Mun san maganar tana da nauyi, wasu za su ce ɗaure wa ɓarna gindi ne. Amma tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara, ƙasar Lesoto da Afirka ta Kudu kuwa sun bi. Hana shi bai taɓa hana ɓarnar ba, sai dai matar da ba ta ji ba ba ta gani ba ta ɗauki alhakin.

Ke uwargida, in maigida ya dawo, ki tarbe shi hannu bibbiyu, sa'an nan cikin lalama ki ce, "Malam, mu je asibiti a duba mu tare." Wannan ba rashin kunya ba ne, hankali ne. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi.

Alƙali ɗauri ya yanke wa mutum, bai yanke masa ciwo ba, balle iyalinsa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyashe mu.