Kafin a kwance turbo, a fara tuhumar agogon

Masu Hilux da sauran motoci masu turbo a Kazaure da Ɓaɓura sun fara ɗaura agogon auna ƙarfin iska, irin wanda ake sayowa daban a Kano ko ta intanet. Da zarar allura ta nuna ƙasa da yadda aka saba, sai a nufi gareji a ce turbo ya gaji. An bar jaki ana dukan taiki. A duk tsarin, agogon da siririn tiyonsa ne mafi araha, kuma su suka fi saurin yin ƙarya.

Gwajin farko ba ya cin ko kwabo: a kashe inji, a duba ko allura ta zauna a kan sifili. In ba ta zauna ba, duk abin da take nunawa a kan hanya kuskure ne. Daga nan sai tiyo. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da roba ta tsage, gargadar hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa kuma tana sassauta mahaɗa. Ƙaramar kafa ta isa ta sa allura ta nuna ƙasa. In agogon na lantarki ne, a sa rewaya ya duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, domin tsatsa a wurin tana sa lamba rawa.

Sannan a nemi shaida ta biyu. Ƙaramar na'urar ELM327 da manhajar Torque za su nuna a waya abin da firikwensin MAP na motar yake gani. A nan ne mutane ke rikicewa. MAP yana haɗawa da nauyin iskar sarari, agogo kuwa abin da ya ƙaru a kanta kawai yake nunawa. A bakin teku nauyin nan kPa 101 ne, a yankin Kazaure kuwa yana wajen 96 saboda tudu. A murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, a rubuta lambar da ta fito, ita za a riƙa cirewa. A kuma lura cewa bar 1 daidai yake da psi 14.5.

Wani zai ce bakanike mai shekaru a sana'a yana gane ciwon turbo da kunne. Gaskiya ne, yana jin fito, yana ganin hayaƙi. Amma kunne ba ya ba da lamba. Idan agogo na nuna ƙasa bisa kuskure, aka ɗaure sandar da ke sakin rarar iska don allura ta hau, injin zai ɗauki matsin da ya fi ƙarfinsa, ƙarshenta gaskit ya ƙone ko fistin ya tsage.

Duk garejin da ke taɓa turbo ya kamata ya ajiye na'urar OBD, mai mota kuma kada ya biya kuɗin sabon turbo sai an nuna masa lambobin biyu sun yi daidai.