A Kai Yara Gida Su San Dajin Katagum

Da zarar marka ta kankama a watan Agusta, duk wanda ya bi hanyar Azare zuwa tsohon garin Katagum zai ga daji ya sāke kama. Tafasa ta yi fure ruwan ɗorawa, duman rafi ya shimfiɗu a fadamun kogin Jama'are, bado ya rufe tabkuna. Malam-buɗe-littafi na shawagi, buzuzu na mirgina kashin shanu zuwa raminsa, naman kaza ya tsiro a gindin suri. Gawo kaɗai ke tsaye ba ganye, don shi sai da rani yake tohuwa.

To, abin tambaya ga 'yan'uwa mazauna Agege da Idi Araba da Sabo ta Ibadan shi ne, yaransu nawa ne za su iya faɗin sunayen waɗannan abubuwa?

Wani zai ce ai wannan aikin marasa abin yi ne. Ba haka ba ne. A farkon zamanin Turawa wani likita mai suna Dalziel ya tattara tsire-tsire a ƙasar Katagum, aka kai su lambun Kew a Ingila aka adana. A 1916, shekarar da fadar Sarkin Katagum ta koma Azare, ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa. Daga bakin wa ya ji sunayen? Daga bakin manoma da makiyaya da masu magani. Ashe baƙo ya ga darajar abin da masu shi ke rainawa.

Sanin nan yana da amfani. Ƙuduji fure ne kyakkyawa, amma saiwarsa tana tsotse dawa da gero, don haka manomi ke tuge shi kafin ya zuba iri. Buzuzu taki yake binnewa. Ƙudan zuma ke ɗaukar ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, har kabewa da kankana su yi 'ya'ya. Naman kazan suri kuwa gara ce ke rainonsa a cikin ɗakinta. Amma akwai lemar kwaɗi mai guba, wadda ke iya hallaka wanda bai san bambanci ba ya kai baki.

Ga shi dajin yana ƙarewa a hannun masu gawayi da masu itacen girki, tsofaffin da suka san shi kuma suna ta raguwa.

Babban hutun makaranta yana zuwa daidai da marka. Ya kamata iyaye su aika da yara gida a lokacin, kowa da littafi da fensir, su bi kakanninsu gona, su tambaya, su rubuta. Jami'ar Gadau da Kwalejin Ilmi ta Azare su ma su tura ɗalibansu ƙauyuka, a tattara sunayen tun masu su suna raye. Allah Ya sa a ji, amin.